Yadda na hana 'yar motar tsere tashi a kwana

Tun da na sa wa 'yar motata Tamiya Mini 4WD (ƙaramar motar wasa mai batir da ke tsere a hanya mai bango a gefe biyu) injin Hyper-Dash mai saurin juyawa, ko wace kwana sai ta yi tsalle ta bar hanya. Ƙarfi ya yi yawa, ita kuwa ba nauyi.

Na cire giyar 3.5:1 na sa 4.2:1. Gudu ya ɗan ragu, amma tana fita kwana da kuzari. Sai na ɗan duƙar da ƙananan tayoyin gefe na gaba, don in sun gogi bango su danne ta ƙasa, na kuma manna soson birki a ƙarƙashin goshinta. Duƙarwar nan ita ce ta fi aiki.

Man giya kuwa, ɗigo ya isa. Ƙurar hunturun Damagaram in ta samu mai da yawa, cinye haƙoran giyar na roba take yi.