Babi na Shida: Yaushe Ake Sake Kunna Kwamfuta?

Darasi na ɗaya

Sake kunnawa shi ne kwamfuta ta mutu ta tashi da kanta, ba ku taɓa maɓallin wuta ba. A Windows, ku danna alamar taga da ke ƙasan allo, sai alamar wuta, sai kalmar Restart. Da harafin R ta fara.

Amma tukuna, ku adana aikinku. Ku riƙe maɓallin Ctrl, yana can ƙasa ta hagu, ku danna S sau ɗaya. Rubutun da ba a adana ba yana zaune ne a RAM, ma'ajiyar wucin gadi, kuma tana gogewa idan kwamfuta ta mutu. Ku sake gwadawa: riƙe Ctrl, danna S. Wanda yatsansa ya zame ya sake, ba abin kunya ba ne. A riƙe Ctrl da farko, sannan S.

Yaushe ya zama dole? Idan Windows ta sauke sabuntawa ta nemi a sake kunna ta. Akwai fayilolin da take aiki da su a lokacin, ba su canzuwa sai ta tsaya, kamar yadda ba a canza tayar mota tana tafiya. Haka ma bayan an saka wasu manhajojin da ke sarrafa katin hoto ko na sauti. Saƙon ya fito? Ctrl da S tukuna.

Idan ta fara ƙirga kashi cikin ɗari, ku ƙyale ta. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Kullum sai wani ya gaji da jira ya danne maɓallin wuta. Yin haka yana iya lalata Windows ta ƙi tashi. Kuma har yanzu ina ganin masu danna Restart ba su adana komai ba.

Darasi na biyu

Filashi, linzami (mouse) ko allon rubutu (keyboard) da ake sokawa a ramin USB galibi ba sa bukatar sake kunnawa. A soka, a ɗan jira.

Idan za a canza kayan ciki, kamar RAM, Restart ba ya isa. A adana aiki, a kashe gaba ɗaya, a zare wayar wuta kafin a buɗe murfi.

Darasi na uku

Tun daga Windows 8 ta 2012, Shut down, wato zaɓin kashe kwamfuta, kan ajiye wani ɓangare na tsarin don ta yi saurin tashi, Restart kuwa ba ya ajiyewa. Saboda haka idan kwamfuta tana cijewa, Restart za ku zaɓa.