Babi na Shida: Taje Gashin Ƙaramin Kare Mai Dogon Gashi

Darasi na 1: Kafin ki taɓa shi

'Yan uwa, da yawanku masu aikatau a gidajen baƙi nan Jidda kun kawo mini kuka ɗaya: Madam ta miƙo ɗan kare mai gashi buzu-buzu ta ce a gyara shi, ba ta nuna yadda ake yi ba. Kada ki ji kunya, babu wadda aka haifa da sanin wannan a cikinmu. A gida kare na gadi ne ko na farauta, wa ya taɓa taje shi?

Yawanci irin biyu za ki tarar. Akwai fari fat da ake kira Maltis, akwai mai gajeren hanci da manyan idanu, Shitsu, wanda asalinsa daga Sin ne. Gashinsu ba ya daina tsawo, kamar namu.

Batun sallah kuwa, a mazhabar Malikiyya da muka taso a kai, jikin kare mai rai da yawunsa ba najasa ba ne. Hambaliyya da aka fi bi a nan suna ganin yawun najasa ne. Don hankalinki ya kwanta, ki ware riga ɗaya ta wannan aiki, ki cire idan kin gama.

Ki tanadi mataji na ƙarfe, buroshi mai laushi, tawul, da 'yar kwalbar fesa ruwa. Shimfiɗa tawul ɗin a ƙasa, ki zauna. Kada ki ɗora shi kan tebur, yana iya dirowa ya karye.

Darasi na 2: Taja

A nan kowa ke faɗuwa, don haka mu tafi a hankali.

Ki tuna yadda kike taje kan 'yarki bayan tsifa. Kina kafa mataji a tsakiyar kai ki finciko? A'a. Kina damƙe gindin gashin da hannu ɗaya, ki fara warwarewa daga baki, kina hawa sama kaɗan-kaɗan. To, haka nan ake yi wa kare. Gindin gashi shi ne wajen da ya fito daga fata. Baki shi ne ƙarshensa da ke lilo.

Fesa ruwa kaɗan, ya yi laima kawai, ba jiƙawa ba. Yi tsaga da yatsa har ki ga fata da idonki. Kin ga fatar? Idan ba ki gani ba, ba ki fara ba. Riƙe gindi da hannun hagu. Taje daga baki da hannun dama. Mataji ya wuce sumul? Madalla. Matsa gaba kamar faɗin yatsa biyu, ki sake tsaga.

Mu maimaita: tsaga, ga fata, riƙe gindi, fara daga baki.

Wata ɗalibata ta zo da murna ta ce kullum tana taje nata karen har yana sheƙi. Na cusa yatsa bayan kunnensa, sai ga gashi ya cure kamar tsohuwar audugar matashi, fatar ƙasa ta yi ja. Sama kawai take shafa da buroshi, ƙasa na ta cukurkuɗewa. Ƙarshenta sai likitan dabbobi ne ya aske shi tas, ita kuma ta sha faɗa.

Wuraren da ƙulli ke ɓuya su ne bayan kunne, hammata, ciki, gindin wutsiya, da ƙarƙashin abin wuya. Idan kin ci karo da ƙulli, kada ki ja. Riƙe gindi, ki buɗe shi da yatsu tukuna, sannan mataji, daga baki. Yi hakan minti 10 zuwa 15 kullum. Idan ya yi kuka, kin saki gindin ne. Sake riƙewa, kina yi masa magana a hankali. Za ki iya, wallahi.

Sai almakashi: kada ki yanke ƙulli da shi. Na faɗa a aji, na sake faɗa, har yanzu wasunku ba sa ji! Ƙulli yana janyo fata cikinsa, fatar kuwa siririya ce. Ki yanka gashi ki haɗa da nama, me za ki ce wa masu gida? Ƙullin da ya gagari yatsu, ki nuna wa Madam.

Darasi na 3: Wanka

Ba a wanka sai an gama taja, domin ruwa ƙara ɗaure ƙulli yake. Sabulun kare daban yake, kada ki sa naki. Ruwan famfo a Jidda da rana kan yi zafi, ki gwada a bayan hannunki. Ki dinga danna tawul, ban da cuɗawa. Handiraya a sa ta a iska mai sanyi. Ya bushe, ki sake tajewa, kin dai san daga ina ake farawa.

Darasi na 4: Ido da kaska

Goge kwantsa kowace safiya da auduga mai laima, kowane ido da tasa. Kin ga kaska, ki faɗa wa masu gida.

Darasi na 5: Bayan aiki

Cire gashin da ya maƙale a mataji, ki wanke hannu da sabulu.