Yadda Ake Haɗa Gita, Bas da Amfilifaya Domin Wasan Rok a Jos

Duk wanda ya daɗe yana hawa dandamali a Jos ya san cewa yawancin makaɗan gita na garin nan a ƙungiyoyin kiɗa na coci da wuraren biki suka fara koyon hannu, kuma idan matasa huɗu ko biyar suka haɗu suka ce kiɗan rok za su yi, abin da ke fara cin ransu shi ne sunan kamfanin da ke rubuce a kan kaya. Na shafe shekaru ina haɗa wa ƙungiyoyi sauti a zaurukan taro da filaye, daga Bukuru zuwa Rayfield, kuma abin da na gani shi ne wasa ba kasafai yake lalacewa saboda arhar gita ba. Abin da ke lalata shi wuta ce da ba a bincika ba, da sifikar da ba ta dace da amfilifaya ba, da makaɗan da kowannensu ke son ƙararsa ta danne ta ɗan'uwansa.

A fara da gita. Iri biyu ne suka fi yawa a hannun 'yan rok, kuma bambancinsu yana cikin maganaɗisun da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda makaɗa ke kira fikof. Fender Stratocaster, wadda ta fito a 1954, tana da fikof uku masu naɗin waya ɗaya-ɗaya, sautinta siriri ne mai kaifi, yana ratsa ƙarar ganguna ba tare da wahala ba. Gibson Les Paul, wadda ta fito a 1952, tun daga 1957 aka fara saka mata fikof mai naɗi biyu da Seth Lover ya ƙirƙira, sautinta kuwa mai kauri ne, yana daɗewa kafin ya mutu. Wannan bambanci yana da muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato, domin fikof mai naɗi ɗaya yana jawo gunjin wutar lantarki, kuma a zauren da wayoyinsa suka tsufa ko janareto yake kusa, gunjin nan yana iya cika sifika tun kafin a taɓa tsirkiya. Mai naɗi biyu an yi shi ne musamman domin ya kashe wannan gunji. Wanda Stratocaster ce a hannunsa, ya tura ɗan makunnin zaɓi zuwa matsayi na 2 ko na 4, domin a yawancin na zamani waɗannan matsayai suna haɗa fikof biyu ta yadda gunjin zai ragu ƙwarai. Idan ƙungiya tana da masu gita biyu, shawarata ita ce ɗaya ya riƙe mai kaurin sauti, ɗaya ya riƙe mai kaifi, domin kunnen mai sauraro ya iya raba su.

Ba dole ne a sayi ta asali mai tsada ba. Squier ta kamfanin Fender ce, Epiphone ta Gibson ce, Yamaha Pacifica ma gita ce mai aminci, kuma ko ta hannu ce, idan wuyanta a miƙe yake kuma tana riƙe saiti, za ta kai mutum inda yake son zuwa. Kuɗin da ya rage gara a zuba shi a kan sababbin tsirkiyoyi masu lambar kauri 9 zuwa 42 ko 10 zuwa 46, da waya mai kyau wadda tsawonta bai wuce mita 6 ba, domin doguwar waya tana shanye kaifin sauti.

Gitar bas ita ce aka fi zalunta a dandamalinmu. Fender Precision ta 1951 da Jazz Bass ta 1960 su ne tushen kusan duk wata bas mai tsirkiya huɗu da ake gani a kasuwa, kuma kowace daga cikinsu ta wadatar. Matsalar tana wajen amfilifaya. Tsirkiya mafi kauri ta bas tana girgiza kusan sau 41 a daƙiƙa, ta gita kuwa kusan sau 82, kuma tura iska a wannan zurfi yana cin ƙarfi mai yawa. Shi ya sa Ampeg SVT, wadda ta fito a 1969, take da ƙarfin wat 300, ake kuma ɗora ta a kan akwati mai sifika takwas masu inci 10, alhali mai gita yana iya cika zaure da Vox AC30 mai wat 30 kacal. Ƙungiyar da ke wasa da cikakkun ganguna ta nemi amfilifayar bas ta wat 200 zuwa 300. Kada a taɓa jona bas a amfilifayar gita a buɗe mata murya, domin sifikar gita ba a yi ta don irin wannan motsi ba, kuma na ga takardar sifika ta yage a dare ɗaya saboda haka. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce a bi da bas ta cikin ƙaramin akwatin DI, wanda ke raba sautinta reshe biyu, reshe ɗaya ya tafi miksa kai tsaye, wato na'urar da ke haɗa sautin kowa ta aika wa sifikokin zaure, ɗayan ya tafi amfilifayar da ke bayan makaɗi. Da haka manyan sifikokin zaure ne za su ɗauki nauyin, amfilifayar kuma ta zama ta jin makaɗin da abokinsa mai ganga.

Game da amfilifayar gita, akwai wani kuskure da hotuna suka dasa a zukatan matasa. Suna ganin katangar akwatunan Marshall, kamfanin da Jim Marshall ya kafa a Landan wanda ya fara ƙera amfilifaya a 1962, sai su ɗauka cewa rok ba ya yiwuwa sai da wat 100 da akwati mai sifika huɗu masu inci 12. Waɗancan manyan kaya sun yi tashe ne a lokacin da sifikokin zaure ba su da ƙarfi, kuma dole gita ta kai kanta har layin ƙarshe. Yau da ake da miksa da makirufo, amfilifaya mai bawul ta wat 15 zuwa 30 ta isa kowane zauren biki, kuma ya kamata a san cewa ninka wat sau biyu ƙari kaɗan yake yi a kunne, sai an ninka kusan sau goma kafin mutum ya ji kamar ƙarar ta ninku. Mai bawul, wato mai ƙananan kwalaben nan da ke yin ja idan sun ɗumama, tana da zaƙin sauti idan an matsa mata, amma tana da nauyi, ba ta son jijjigar mota, kuma samun bawul ɗinta a Jos ba abu ne mai sauƙi ba. Mai taransista, irin Roland JC-120 ta 1975 ko Boss Katana ta zamanin nan, ta fi jure wahala, kuma ga ƙungiyar da ke ɗaukar kayanta a bayan keke napep ko a but ɗin tasi, ita nake ba da shawara a fara da ita.

Wanda ya zaɓi mai bawul wadda kanta daban, akwatin sifikarta daban, akwai dokoki biyu da ba a yi musu sassauci. Ta farko, kada a kunna ta ba tare da an jona sifika ba, domin taransifomar fitar da sauti tana iya ƙonewa. Ta biyu, a duba lambar om, wato ma'aunin juriyar sifika ga wuta, da ke bayan akwati, ko 4, ko 8, ko 16, a jona ta a ramin da ke da wannan lamba a bayan amfilifaya. Idan akwatuna biyu ne masu om 8 aka jona su gefe da gefe, wato kowanne da wayarsa zuwa amfilifaya, jimillarsu ta koma 4, ba 16 ba, kuma a nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Wayar da ke tsakanin kai da akwati ma ta sifika ce mai kauri. Ko da bakinta ya yi kama da na wayar gita, ba aikinsu ɗaya ba.

Yanzu sai maganar wuta, wadda a ganina ta fi duk abin da ya gabata. Wutar Najeriya volt 230 ce, ta Amurka kuwa 120 ce, kuma kayan kiɗa da yawa da 'yan'uwa ke aikowa ko ake sayowa na hannu na kasuwar Amurka ne. Wata ranar Asabar cikin Disamba, a wani zaure da ke hanyar Rayfield, ina durƙushe ina naɗe waya sai na ji wata 'yar ƙara kamar an fasa ƙwai, sannan warin ƙonannen roba ya tashi. Da na ɗaga kai sai na ga wani yaro mai gita tsaye da fulogi a hannu, wani siririn hayaƙi yana fita ta ramukan bayan amfilifayarsa. Ya dube ni ya ce, "Yaya, wallahi sabuwa ce, kawuna ne ya aiko mini da ita makon jiya." Na juya bayanta na nuna masa inda aka rubuta 120V kusa da fiyus, na ce, "Ƙanena, kafin ka jona kowane abu, nan za ka fara karantawa." Daren nan da amfilifayar aro ya yi wasa, kuma har yau ina jin zafin abin, domin minti ɗaya na dubawa da ya hana shi. Kayan 120 suna buƙatar taransifoma mai sauke wuta, wadda ƙarfinta ya zarce adadin wutar da aka rubuta cewa na'urar tana ci, ba adadin wat ɗin sautinta ba.

A sa sitabilaiza tsakanin bango da kayan dandamali, a kuma roƙi masu zaure kada a haɗa layin kiɗa da na firiza ko na'urar sanyaya ɗaki, domin duk lokacin da injinsu ya tashi wuta tana faɗuwa, sifika ta yi tari. Idan za a sauya daga wutar gari zuwa janareto, a kashe amfilifayoyi tukuna, a bar janareton ya daidaita, sannan a kunna. Wajen kunnawa miksa da fedaloli, wato ƙananan na'urorin sauya sautin gita da ake takawa da ƙafa, su ne farko, amfilifaya ce ƙarshe, wajen kashewa kuma ita ce farko. Mai bawul a bar ta a kan Standby, wato makunnin da ke barin bawul su ɗumama ba tare da sauti ya fita ba, kamar minti ɗaya kafin a sake ta. Abin da nake roƙon kowane makaɗi da babbar murya shi ne kada ya karya ƙafa ta uku ta fulogi, wato ta wayar ƙasa, wai don gunji ya tafi. Tsirkiyoyin gita a haɗe suke da jikin amfilifaya, kuma idan wuta ta ɓalle ba ta sami hanyar ƙasa ba, jikin mutum za ta bi a lokacin da leɓensa ya taɓa makirufo. Haka Leslie Harvey, mai gitar ƙungiyar Stone the Crows, ya rasu a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya a 1972. Idan gunji ya dame ku, akwatin DI yana da ɗan makunnin da ke yanke shi ba tare da an taɓa wayar ƙasa ta wuta ba, kuma jona dukkan kayan dandamali da miksa a layi ɗaya yana magance mafi yawansa.

Fedaloli ba sa buƙatar dogon bayani. Daga gita a fara da na saita tsirkiya, sai na murɗa sauti irin Ibanez Tube Screamer, sai masu maimaita sauti da amsa-kuwwa a ƙarshe. Yawancinsu volt 9 suke ci, kuma a tabbata adaftar ta dace da alamar da ke jikinsu.

Idan an zo jera kaya, kada a ajiye amfilifayar gita a ƙasa tana kallon ƙafafun mai ita, domin kunne ba a gwiwa yake ba, kuma makaɗin da ba ya jin kansa ƙara murya zai yi ta yi har mutanen layin gaba su toshe kunnuwa. A ɗora ta a kan kujera ko a jingina ta baya ta kalli kansa, sannan a sa mata makirufo irin Shure SM57 dab da ƙyallen gabanta. Idan makirufon yana kallon tsakiyar sifika sauti zai yi kaifi, idan aka matsar da shi wajen gefe zai yi laushi, kuma matsawar yatsa biyu kawai tana iya yin abin da murɗa maɓallai goma ba zai yi ba. Amfilifayar bas ta zauna kusa da mai ganga. Gwajin sauti a fara shi da ganguna, sai bas, sai gitoci, sai murya, daga nan kowa ya shiga waƙar da ta fi ƙarfi a jerin daren, wani amintacce kuma ya tsaya a tsakiyar zaure ya saurara. Idan kalmomin mawaƙi ba sa fitowa, maganin shi ne masu gita su rage, su kuma rage zurfin sautinsu su bar wa bas wurinta, maimakon a yi ta ƙara wa makirufon murya har ya fara kuka. Maɓallin Gain, wanda ke ƙara kaushin sautin gita, shi ma a sassauta masa, domin abin da ke da daɗi a ɗakin kwana yakan koma hayaniya marar fasali a zaure mai bangon siminti da rufin kwano.

Saura yanayin Jos, wanda shi ma yana da hannu a cikin sauti. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, kuma daga Disamba zuwa Janairu iskar hunturu tana busar da katako, ga sanyin dare. Wuyan gita yana motsawa, bakin ƙarafan da ke jere a kansa yana fara karce tafin hannu, tsirkiya kuma tana sauka daga saiti tsakanin mota da dandamali. A fito da gita daga jakarta a bar ta a wurin wasa kamar minti 20 kafin a saita ta, a kuma sake dubawa bayan waƙa ta biyu idan hannu da fitilu sun ɗumama ta. Sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ke daidaita miƙewarsa, ana murɗa ta kashi ɗaya cikin huɗu na zagaye ne kawai a lokaci guda, wanda bai saba ba kuwa ya kai wa gwani. A gida, ɗan soso mai danshi a cikin kwalin sabulu mai huda, a ajiye cikin akwatin gita ba tare da ya taɓa katakon ba, yana taimakawa har hunturu ya wuce. Ƙura kuma tana shiga maɓallai ta sa su ƙaraurau idan an murɗa, saboda haka a riƙa lulluɓe amfilifaya da zane, a fesa wa maɓallan man wanke na'urorin lantarki lokaci-lokaci. Bayan an tashi daga wasa a goge tsirkiyoyi da busasshen ƙyalle, a bar mai bawul ta huce na minti 10 kafin a ɗaga ta zuwa mota, sannan a cikin jakar kowa a tabbata akwai fiyus mai lambar da ta dace, da waya ɗaya ta ajiya, da cikakken saitin tsirkiyoyi domin wasa na gaba.