Kurakuran da ake yi wajen ba dabba maganin tsutsar ciki na gargajiya

Duk damina sai wani sabon mai kiwo ya zo yana kuka wai maɗaci ya kashe masa akuya. Malam, ɗura ce ta kashe ta.

Daga Samaru har Tudun Wada a Zariya abu ɗaya nake gani: a tafasa sassaƙen maɗaci da marke, a cika kwalba, a ɗaga kan dabba sama, a kama harshenta, a kwarara. Dabbar da aka riƙe wa harshe ta yaya za ta haɗiye? Ruwan sai ya zarce huhu, kwana biyu ta fara tari da nishi. Haka yaron da na bar wa kiwo ya salwantar mini da ragon da na turke don Babbar Sallah. Da mahauci ya feɗe shi, huhun ya riga ya lalace, ko kyauta ba mai karɓa. Ni ba na ɗaga kan dabba. Ta gefen baki nake sa kwalba, kurɓi-kurɓi, in ta yi tari in dakata. Kuma don Allah a daina ba ɗan akuya awon da ake ba bijimi.

Na biyu, ba ku duba ido. Tsutsar da ta fi ɓarna ga awaki da tumaki jini take sha, kuma ba za ka gan ta a kashi ba. Ja fatar ido ta ƙasa ka gani. In ja ce, da sauƙi. In ta yi fari fat, ga kumburi a ƙarƙashin haɓa, an wuce zancen shuwaka da 'ya'yan gwanda. Ka kai kashinta asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a auna, a ba ta maganin bature. Jiƙo na iya rage tsutsa, amma ba ya tayar da wadda jini ya ƙare mata.

Mai ciki ba na ba ta maɗaci, albendazole, maganin tsutsa na bature, shi ma ba a ba ta a farkon ciki. Kanwa ba maganin tsutsa ba ce, komai yawanta. Kada a saki dabba da sassafe cikin raɓa, lokacin ne 'ya'yan tsutsa ke saman ciyawa. Kiwon fadama kuwa tsutsar hanta yake jawowa, kuma maganinta daban.

Masu sassaƙa, ku ɗebi gefe guda. Bishiyar da aka zagaye wa ɓawo bushewa take yi.