Kurakuran da muke yi idan ana batun naɗin alƙalai a Amurka

Kuskuren da ya fi damuna shi ne wanda nake yawan ji a bakin masu sharhi, wai Federalist Society, ƙungiyar lauyoyi masu ra'ayin mazan jiya, ce ke naɗa alƙalan Kotun Ƙolin Amurka. Ba ta da wannan hurumin. Shugaban ƙasa ne ke miƙa suna, Majalisar Dattawa ta tantance ta kaɗa ƙuri'a. Mu da muka saba da hukumar NJC mai ba da shawarar naɗin alƙalai a Najeriya sai mu ɗauka akwai makamanciyarta a can. Babu, kuma wannan giɓin ne ƙungiyoyin masu ra'ayin mazan jiya suka cike. Abin da ya dace a rubuta shi ne su ke tace sunaye kafin su isa teburin shugaban ƙasa.

Tacewar nan ita ce zuciyar maganar, amma sai a ba da labarinta kamar da Trump ta faro. Ɗaliban shari'a ne suka kafa ƙungiyar tun 1982, a jami'o'i irin su Yale da Chicago. Yaro zai shiga tun yana ɗalibi, ya yi ta halartar muhawara, a sama masa aiki a ƙarƙashin wani babban alƙali, ana karanta duk abin da ya rubuta shekara da shekaru. Dalilin wannan sa ido yana da suna: David Souter, wanda Bush babba ya naɗa a 1990, ya hau kujera ya karkata ga masu sassaucin ra'ayi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Shi ya sa a 2005, da Bush ƙarami ya kawo Harriet Miers, 'yan gida masu ra'ayin mazan jiya ne suka yi mata ca har ta janye, aka kawo Samuel Alito. Saboda haka jerin sunaye 11 na waɗanda zai iya naɗawa Kotun Ƙoli da Trump ya fitar a Mayun 2016, da taimakon Leonard Leo, jigo a Federalist Society, da cibiyar bincike ta Heritage, girbin shekara talatin da ɗoriya ne.

Ana kuma cuɗa ƙungiyoyin wuri ɗaya. Federalist Society ta ce ita ba ta goyon bayan kowane ɗan takarar kujera. Tallan talabijin na matsa wa sanatoci lamba aikin irin su Judicial Crisis Network ne. In za ka rubuta, faɗi wa ya yi me.

Sai mantawa da Majalisar Dattawa. Da alƙalin Kotun Ƙoli Antonin Scalia ya rasu a Fabrairun 2016, Obama ya kawo Merrick Garland, shugaban masu rinjaye na majalisar a lokacin, Mitch McConnell na jam'iyyar Republican, ya ƙi ko da sauraronsa. A 2017 aka soke sharaɗin samun sanatoci 60 kafin a kaɗa ƙuri'a kan wanda za a naɗa Kotun Ƙoli, shi ya sa Brett Kavanaugh da Trump ya kawo ya tsallake da ƙuri'a 50 da 48. Ba don haka ba, da jerin sunayen ya tsaya a takarda.

Kada kuma ido ya tsaya kan kujeru tara na Kotun Ƙoli kawai. Kotun Ƙoli ƙararraki kusan sittin take saurara a shekara, ragowar a ƙananan kotuna suke ƙarewa. Trump ya naɗa alƙalai 54 a kotunan ɗaukaka ƙara a zangonsa na farko, kuma ba su da shekarun ritaya irin 70 ɗin da muka sani.

Ina roƙon masu rubutu su daina kiran alƙalan nan 'yan amshin shata. Gaskiya ne su ukun da Trump ya naɗa suna cikin waɗanda suka soke 'yancin zubar da ciki na tarayya a Yunin 2022. Amma a Disambar 2020, kotun da suke zaune a cikinta ta ƙi sauraron ƙarar da jihar Texas ta shigar don a juya sakamakon zaɓen da Trump ya faɗi.