Yadda Mai Kula da Na'urori Zai Shirya wa Sakan na Ƙari Kafin a Soke Shi

A watan Nuwamban 2022, wakilan ƙasashe suka hallara a Versailles ta ƙasar Faransa domin Babban Taron Ma'auni na Duniya karo na 27, inda suka amince cewa nan da shekarar 2035 za a daina cusa sakan guda a cikin agogon duniya kamar yadda aka saba tun 1972. Da yawa daga cikin masu kula da kwamfutocin bankuna da kamfanonin sadarwa sun ji labarin sun ɗauka magana ta ƙare, alhali tsohuwar ƙa'idar tana nan daram har ranar da sabuwa za ta fara aiki, kuma shekarun da suka rage suna iya zuwa da abin da ba a taɓa gani ba.

Kafin a taɓa kowace na'ura, ya kamata a fahimci cewa agogo biyu ne ake ƙoƙarin sasantawa. Na farko shi ne agogon ƙwayar zarra: tun 1967 aka ayyana sakan da cewa shi ne tsawon girgiza 9,192,631,770 na ƙwayar sinadarin siziyam, kuma ofishin ma'auni na duniya, BIPM, da ke Sèvres, kusa da Paris, shi ke tattara bayanan ɗaruruwan irin waɗannan agoguna daga sassan duniya ya fitar da lokacin da ake kira TAI. Na biyu shi ne juyawar ƙasa kanta, wato UT1, wadda ba ta da tsayayyen sauri, domin jan wata a kan teku yana rage mata gudu a hankali, iska da narkewar ƙanƙara da motsin narkakken ƙarfen da ke can cikinta kuma suna sa ta yi sauri ko ta yi nawa. UTC, agogon duniya da wayoyinmu da sabobinmu (kwamfutocin da ke yi wa sauran na'urori hidima) ke bi, yana tafiya ne da saurin agogon zarra, amma duk lokacin da tazararsa da UT1 ta doshi kashi tara cikin goma na sakan, sai a ƙara masa sakan ɗaya, agogo ya nuna 23:59:60 kafin sabuwar rana ta shiga. An yi haka sau 27, na ƙarshe a ranar 31 ga Disamban 2016, kuma tun daga lokacin TAI yake gaban UTC da sakan 37.

Abu na farko shi ne sanin inda sanarwa take fitowa. Hukumar IERS mai sa ido kan juyawar ƙasa tana fitar da takardar da ake kira Bulletin C daga cibiyar nazarin taurari ta Paris sau biyu a shekara, a Janairu da Yuli, tana faɗin ko za a ƙara sakan a ƙarshen Yuni ko ƙarshen Disamba mai zuwa, ko ba za a ƙara ba. Sanarwar takan zo da kusan wata shida a gaba, don haka a sa duba ta cikin jadawalin aikin ofis. A kuma lura cewa ƙarin yana faruwa ne lokaci guda a duk duniya: a Gana da ƙarfe 23:59:60, a Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi kuwa da ƙarfe 00:59:60 na ranar 1 ga Janairu ko 1 ga Yuli, lokacin da galibin ma'aikata suna gida suna barci.

Daga nan sai a bi na'urori ɗaya bayan ɗaya a rubuta inda kowace take samun lokacinta. Wasu suna tambayar sabobin NTP, masu rarraba lokaci ta intanet, wasu suna da eriyar tauraron ɗan'adam a kan rufi, hasumiyoyin sadarwa kuma da yawa suna amfani da tsarin PTP wanda ke ƙirga lokaci da TAI. Lokacin GPS ba ya karɓar sakan na ƙari. Ya fara daidai da UTC a ranar 6 ga Janairun 1980, yanzu yana gabansa da sakan 18, kuma na'urar karɓa ce ke cire wannan tazara bisa saƙon da taurarin ke aikowa. A cikin takwarorin GPS, BeiDou na ƙasar Sin yana gaban UTC da sakan 4, GLONASS na Rasha kuma yana bin UTC da dukan ƙarin da ake yi masa. Tsohuwar na'urar da aka daɗe ba a sabunta manhajarta ba tana iya riƙe tsohon adadi, ko ta aiwatar da ƙarin a ranar da ba ita ba.

Shawara mafi nauyi ita ce ta yadda za a shigar da sakan ɗin, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Yawancin manhajoji sun gāji lissafin POSIX, ƙa'idar da manhajoji irin su Linux ke bi, wanda ya ɗauka kowace rana sakan 86,400 ce cif, babu gurbin 23:59:60. Hanyar farko ita ce a bar zuciyar manhajar Linux ta mayar da agogo baya da sakan guda, wato a maimaita sakan na ƙarshe sau biyu. Wannan yana sa na'ura ta kasance daidai da UTC nan take, amma yana nufin abubuwa biyu da suka faru a jere suna iya samun hatimin lokaci ɗaya, ko ma na baya ya bayyana kamar ya riga na gaba. Hanya ta biyu, wadda Google ya yi fice da ita, ita ce a barbaza sakan ɗin a kan awa 24, daga tsakar rana zuwa tsakar rana agogon UTC, ta yadda kowane sakan zai ɗan tsawaita da kimanin kashi 11.6 cikin miliyan, manhaja ba ta ji komai ba. Amazon yana bin wannan tsari, Meta, kamfanin Facebook, kuwa ya bayyana cewa yana barbaza nasa a kan awa 17. Ga yawancin ofisoshi barbazawa ta fi sauƙin haɗari, sai dai duk wanda doka ta wajabta masa hatimin lokaci mai bin UTC sau da ƙafa, irin masu cinikin hannun jari na gaggawa a Tarayyar Turai da aka iyakance musu kuskuren da bai wuce kashi 100 cikin miliyan na sakan ba, ba zai iya ɗaukar karkatar da takan kai rabin sakan ba.

Ko wacce aka zaɓa, kada a gauraya. Idan sabar guda tana tambayar time.google.com mai barbazawa tare da pool.ntp.org wanda ba ya barbazawa, a ranar ƙarin za ta ji amsoshi masu saɓani, ta yi watsi da wasu a matsayin maƙaryata, ko ta riƙa kai-kawo tsakaninsu, kamar mai bin limamai biyu a salla ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a kafa sabobin lokaci biyu ko uku na cikin gida, su kaɗai su yi hulɗa da waje, sauran na'urori duka su bi su. A manhajar chrony mai daidaita agogon kwamfuta, umarnin leapsecmode ne ke zaɓar yadda za a yi da sakan ɗin, chronyc tracking kuma yana nuna ko na'ura ta san akwai ƙari a tafe. Masu amfani da takwararta ntpd suna dogara da fayil ɗin leap-seconds.list mai ɗauke da jerin sakan na ƙari, wanda yake da ranar ƙarewar aiki a rubuce a cikinsa, don haka a riƙa sabunta shi tare da kundin yankunan lokaci na tzdata.

Sai kuma manhajojin da aka rubuta a cikin gida. Duk inda ake auna tsawon lokaci, misali daɗewar amsa ko wa'adin jira, a yi amfani da agogon da ke tafiya gaba kawai, wanda Linux ke kira CLOCK_MONOTONIC, a bar agogon bango domin nuna kwanan wata. A ranar 1 ga Janairun 2017, kamfanin Cloudflare ya ga wani ɓangare na aikinsa na DNS, tsarin da ke juya sunayen shafukan intanet zuwa adireshinsu, ya tsaya saboda manhajarsa ta cire wani lokaci daga wani ta sami adadin da ke ƙasa da sifili, abin da marubutanta suka ɗauka ba zai yiwu ba. Kafin nan, a ƙarshen Yunin 2012, wani kuskure a zuciyar Linux ya sa na'urori suka riƙa cinye ƙarfinsu a banza, shafin Reddit ya faɗi, fasinjojin jiragen Qantas a Ostareliya kuma suka yi ta jira saboda tsarin tantance tikiti ya tsaya. An gyara waɗannan kura-kurai tuni, amma tsawon shekarun da aka yi tun 2016 ba tare da ƙari ba yana nufin akwai manhajoji masu ɗimbin yawa da ba su taɓa haɗuwa da shi ba.

A ganina, gwajin da ya fi cancantar a ba shi lokaci shi ne na ragi. A 'yan shekarun nan ƙasa tana juyawa da ɗan sauri. Ranar 29 ga Yunin 2022 ta gaza awa 24 da kimanin kashi 1.59 cikin dubu na sakan. Idan hakan ya ci gaba, ƙa'ida ta tanadi a cire sakan, agogo ya tsallake daga 23:59:58 zuwa 00:00:00, kuma ba a taɓa yin haka ba ko sau ɗaya. Masanin kimiyyar ƙasa Duncan Agnew ya wallafa a mujallar Nature a 2024 cewa narkewar ƙanƙarar doron ƙasa ta jinkirta buƙatar hakan zuwa wajen 2029. A ware na'urorin gwaji da ba su haɗe da na aiki ba, a ba su fayil na ƙarya mai sanar da ragi, sannan mai sanar da ƙari, a duba rumbun bayanai da kundin ayyuka, musamman duk aikin da aka tsara ya tashi da ƙarfe 23:59:59, kamar rufe lissafin rana, domin idan aka yi ragi wannan sakan ɗin ba zai zo ba.

Muhawarar kanta ta daɗe. Ƙungiyar sadarwa ta duniya, ITU, ta ɗage yanke hukunci a 2012, ta sake ɗagewa a 2015, sai a taronta na Dubai a ƙarshen 2023 ta goyi bayan matakin Versailles. Rasha ta ƙi amincewa a 2022, tana neman a jinkirta zuwa 2040 saboda GLONASS, wasu masana taurari kuma suna ganin bai kamata a raba agogo da rana ba. Hujjar tasu tana da daraja, amma ba ta da nauyi sosai a aikace: Kano tana wajen digiri 8.5 gabas, agogon Najeriya kuma an ɗora shi a kan digiri 15, wato akwai tazarar kusan minti 26 tsakanin agogo da rana, kuma masu lissafin lokutan salla sun daɗe suna aiki da wannan ba tare da matsala ba. Sakan 27 cikin shekara fiye da 40 ba zai sauya jadawalin masallaci ba.

Waɗanda sauyin zai shafa kai tsaye su ne masu saita madubin hangen taurari da eriyoyin bin tauraron ɗan'adam, domin a kan layin da ya raba duniya biyu ƙasa tana tafiyar kimanin mita 465 a sakan guda. Duk manhajar da ta ɗauka UTC da UT1 ba za su taɓa rabuwa da fiye da sakan ɗaya ba, dole ta koma ɗaukar ainihin tazarar daga IERS, wadda ke wallafa ta a Bulletin A, kuma gurbin da aka ware wa wannan adadi a cikin bayanai ya zama mai iya ɗaukar lamba babba. Haka nan kada a kafe 37 ko 18 a cikin manhaja. A karanto su daga fayil. Yawan tazarar da za a yarda da ita nan gaba, ko minti ne ko fiye, an ɗora wa kwamitin ma'auni na duniya alhakin gabatar da daftarinsa ga taro na 28 a 2026, kuma da abin da wannan taro ya zartar ne za a daidaita girman gurbin.