Yadda Za Ka Fara Gudun Motsa Jiki a Karkara, Ka Kuma Gane Ko Wahalarsa Ta Biya

Duk wanda ya fara gudun motsa jiki a ƙauyukanmu na Kano da Jigawa yana cin karo da wahala iri biyu tun a makon farko, wato tsamin jiki da haki, sai kuma bakin mutanen gari, waɗanda da sun hangi magidanci yana gudu da sassafe za su tsaya su ce, "Lafiya dai, Malam? Wa ya biyo ka?" Maganar mutane tana mutuwa da kanta idan ido ya saba da ganinka. Ciwon jikin ne yake buƙatar sani, domin akwai wanda ake jurewa saboda alama ce ta jiki yana ƙarfafa, akwai kuma wanda jure shi ganganci ne, kuma da yawa daga cikin masu watsar da gudu sun kasa bambance su ne.

Matakin farko shi ne ka tambayi kanka ko kana buƙatar gudun. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci baligi ya riƙa samun minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai tsanani irin gudu. Manomin da yake wuni da fartanya a damina, da mai tura kurar ruwa, da matar da take daka da surfe kullum, sun cika wannan adadi har sun zarce, kuma a ganina ɗora musu gudu a lokacin aikin gona ƙarin gajiya ne kawai. Masu buƙata su ne malamin makaranta, da tela, da mai shago, da ɗan acaɓa, da ma'aikacin ƙaramar hukuma da ba ya zuwa ko masallaci sai a kan babur, sai kuma samarin da suke shirin neman aikin soja ko ɗan sanda, inda gudu yake cikin gwajin tantancewa.

Daga nan ka je asibitin da ya fi kusa da kai a auna maka jini, musamman idan ka haura shekara 40, domin hawan jini yakan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba. Mai ciwon suga, ko asma, ko sikila, ko wanda ya taɓa jin ciwo a ƙirji, kada ya fara sai da izinin likita.

Sai zaɓen lokaci da hanya. Bayan sallar asuba, da zarar gari ya fara haske, shi ne lokacin da ya fi dacewa, musamman daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafin rana yakan haura maki 40 a wannan yanki. A lokacin hunturu kuwa gara ka jinkirta, ranar da hazo ya yi kauri ma ka haƙura, domin ƙura tana tayar da tari. Burtali mai tauri ko hanyar burji ta fi kwalta sauƙi ga ƙafa, amma yashi mai zurfi irin na wajajen Gumel da Maigatari yana wahalar da idon sawu, saboda haka mai farawa ya kauce masa. Idan dole sai bakin titi, ka bi hannun hagu yadda za ka riƙa fuskantar motocin da suke tahowa. Game da takalmi, gaskiya ne Abebe Bikila na Habasha ya ci gudun fanfalaki na gasar Olamfik a birnin Rum a 1960 ba takalmi a ƙafarsa, sai dai hanyoyinmu cike suke da ƙaya da ƙarangiya, kuma da damina akwai macizai. Kambas na gwanjo mai taushin ƙasa, wanda bai matse yatsu ba, ya wadatar. Silifas kam ba na gudu ba ne.

Yanzu sai gudun kansa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ka fara da tafiya mai sauri ta minti 5 domin jiki ya ɗumama, sannan ka yi sassarfa ta minti ɗaya, ka yi tafiya ta minti ɗaya da rabi, kana maimaita haka har minti 20 su cika. Kwana uku a mako sun isa, tare da hutun kwana ɗaya a tsakani. Kowane mako ka ƙara tsawon sassarfar kaɗan, ka rage tafiyar, har zuwa wajen mako na tara, lokacin da mutane da yawa suke iya yin minti 30 ba tsayawa. Ma'aunin sauri kuwa ba ya buƙatar agogo: idan kana iya yin magana da abokin gudunka cikakkiyar jimla, saurinka daidai ne, idan kuma kalma ɗaya ma da ƙyar take fita, ka sassauta. Dalilin wannan bi a sannu shi ne, zuciya da huhu suna saurin sabawa, amma ƙashi da jijiyoyi suna ɗaukar watanni, don haka saurayin da numfashinsa ya buɗe a mako na uku, ya ninka nisansa don ya burge abokai, shi ne za ka gani yana ɗingishi a mako na biyar.

Mataki mafi muhimmanci shi ne karanta ciwon. Tsamin cinyoyi da ƙwauri, wanda yake fara bayyana washegari, ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, har ruku'u da zaman tahiya su yi maka nauyi, wannan ciwo ne na sabo. Yakan kama ƙafafu biyu daidai, yana lafawa idan jiki ya ɗumama, kuma yana raguwa daga mako zuwa mako. Haka nan haki, da sukar da ake ji a gefen ciki, wadda take wucewa idan ka rage sauri ka ja numfashi mai zurfi. Waɗannan ka jure su. Ciwon da yake a wuri ɗaya wanda za ka iya nunawa da yatsa, a gwiwa ko diddige ko kan ƙashin ƙwauri, wanda yake ƙaruwa yayin da kake gudu, ko ya zo da kumburi, ko ya canja maka taku, wannan yana nufin ka tsaya ka huta kwanaki, idan bai lafa ba ka je asibiti. Nauyi ko zafi a ƙirji, da jiri, da duhun gani, da rikicewar hankali a cikin zafin rana, ba su da alaƙa da juriya ko kaɗan; a nan take ake tsayawa a nemi taimako. Mai zazzaɓi ma kada ya fita da niyyar zufa za ta fitar masa da cutar.

Abinci ba ya buƙatar wani tsari na musamman. Ka sha ruwa kafin fita da bayan dawowa, kana lura da fitsarinka, idan ya yi duhu ruwan bai isa ba. Koko da ƙosai, ko fura da nono, ko ɗanwake, sun ishi mai dawowa daga gudu. A watan azumi ka mayar da shi bayan tarawihi, ko ka musanya shi da tafiya. Matan da ba su son fita waje kuma za su iya tsallen igiya ko zagaya tsakar gida da sauri a kan wannan tsarin na mintoci.

Daga ƙarshe sai ka auna ribar da kanka. Tun ranar farko, kafin ka tashi daga shimfiɗa, ka ƙirga bugun jijiyar wuyan hannunka na minti ɗaya ka rubuta. Na baligi yakan kasance tsakanin 60 zuwa 100. Bayan mako takwas ka sake ƙirgawa, ka koma a sake auna maka jini, domin motsa jiki a kai a kai yakan sauke na mai hawan jini da kimanin maki 5 zuwa 8, ko da yake wannan ba dalilin ajiye magani ba ne. Ka lura kuma da barcinka, da yadda kake ɗaukar buhu ko isa gona ba tare da haki ba. Kada ka yi hukunci da tumbi, domin ba ya saurin sauka idan ba a taɓa yawan cin ba. Idan waɗannan alamu sun inganta kuma tsamin jikin ya ragu, wahalar ta biya, sai ka ci gaba. Idan kuwa gwiwa ta ƙi yarda duk da bin ƙa'ida, ka koma tafiya mai sauri ko tuƙa keke na minti 30, kwana biyar a mako, wanda shi ma ya cika minti 150 ɗin da ake nema.